Leshin Gwaggo

Komai zan iya mantawa a shekarun da na yi ina riƙe da tsinken saƙa, amma ban da shekarar da kalma ɗaya tak ta ɗora mini aikin da ya kusa raba ni da yatsuna. Wannan kam ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, na san zai bar mini ita. Kalmar kuwa ita ce leshi. Har yau in na ji mace ta ambace ta a kasuwa, sai na ji ɗan yatsana ya yi tsam.

Ni mace ce mai ɗaukar abu da zafi, mai kuma saurin ajiye shi. Na koyi haɗa sabulun ruwa, na koyi cincin da kek, na koyi zanen lalle, har kiwon zomo na taɓa. Kowanne sai in kama shi kamar da shi aka haife ni, in an kwana biyu kuma a tsinci kayan aikin a ƙarƙashin gado. Maigidana yakan ce ƙarƙashin gadona maƙabartar sana'o'i ce. Shi ya sa ranar da ya shigo ya same ni da tsinkaye biyu da dunƙulen zare, sai kawai ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin gadon, wai yana duba ko da sauran fili.

Wadda ta koya mini maƙwabciyata ce a nan Birnin Kudu, ma'aikaciyar jinya a babban asibitin garin, katanga ɗaya ta raba mu. In ta taso daga aiki takan zauna a barandarta ta miƙe ƙafa tana saƙa, wai ita hutunta ke nan. Ni saƙar da na sani a da ita ce ta kwarashi, hular jarirai da safa da ulu mai kauri, irin wadda kowace yarinya ta taɓa. Tata daban ce. Dogayen tsinkaye biyu ne da siririn zaren auduga fari, abin da ke fitowa kuma duk huda ne, amma hudojin a jere suke, suna fitar da siffar ganye. Na tambaye ta sunan wannan saƙa, ta ce masu koyar da ita a waya leshi suke ce mata. Ni ma na ɗauki sunan na riƙe, ban taɓa tunanin yana da ƙaho ba.

Sirrin abin shi ne da gangan ake yin hudar. Kowane ɗan madaukin zare da ke kan tsinke, ido ake ce masa. Sai ki yafa zare a kan tsinken, sannan ki haɗa ido biyu ki saƙe su wuri ɗaya. Yafawar ita ke haifar da huda, haɗawar kuma ita ke hana saƙar faɗaɗa. A baki abin ba wuya. Amma bari hankalinki ya tafi ga tukunya ki tsallake yafawa ɗaya, ba za ki gane ba sai kin yi nisa, ki ga ganyenki ya langaɓe ya koma kunnen akuya. In na kai wa malamata, ba ta ko tsayawa lallashi. Ta duba, ta miƙo mini, ta ce, "Warware." A watan farko abin da na warware ya fi abin da na saƙa, har maigidana ya daina tambayar me nake saƙawa, ya koma tambayar me nake warwarewa.

Abin mamaki, ban ajiye ba. Akwai wani shiru da saƙar nan ke kawowa da hantsi, in yara sun tafi makaranta, gida ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin tsinkaye. Ni da bakina ba ya hutawa, sai ga ni ina zama har azahar ban yi faɗa da kowa ba. Abu na farko da na gama ɗan ƙyalle ne da bai fi tafin hannu biyu ba. Na ɗora shi a kan talabijin, duk baƙon da ya shigo sai na san yadda na yi hira ta biyo ta kansa.

To, a nan Gwaggo ta shigo labarin. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji, a wani ƙauye can wajen Dingaya a ƙasar Gwaram. Ta haihu sau da yawa, amma ba wanda ya zauna, sai ni da aka ba ta. Duk Juma'a mukan yi waya, ko da yake Gwaggo ba a hira da ita a waya, sai dai a saurari sanarwa. Tana ɗaga murya kamar ba ta yarda wayar za ta iya kai maganar Birnin Kudu ita kaɗai ba. Wata Juma'a a farkon damina, na maƙale wayar a kafaɗa ina saƙa, sai ta ce, "Ke, mene ne yake ƙas-ƙas a wajenki, ɓera?"

Na ce, "Saƙa nake koyo, Gwaggo."

"Saƙar me?"

"Leshi."

Sai ta ce, "Leshi dai leshi? Da hannunki?"

Na ce, "E, da hannu, amma ba irin..."

"Allahu Akbar!" in ji ta, wayar ta katse.

Na ɗauka sabis ne ya ɗauke, na ci gaba da ƙirgen idona. Ban tsaya na tuna cewa a wajen Gwaggo leshi abu ɗaya ne a duniya ba: yadin nan mai tsada da matan masu hali ke yankowa yadi biyar, a yi riga da zane da ɗankwali, a shiga taron biki ana taku ɗai-ɗai. Ita kuwa ba ta taɓa ɗaura shi ba.

Duk mutumin ƙauyenmu da ya zo asibiti, a gidana yake shan ruwa. Bayan 'yan makonni wata mata daga unguwar su Gwaggo ta kawo mijinta a duba masa ido, ta biyo. Muna gaisawa tana waige-waige, ta leƙa bayan ƙofa, ta leƙa tsakar gida. Da abin ya ishe ta sai ta ce, "Wai ina masaƙar take ne? Ko a wani gida kika kafa ta?" Na nuna mata tsinkayena da ƙyallen kan talabijin. Ta kalle su, ta kalle ni, ta yi dariya ta ce lallai 'yan birni akwai ɓoye sirrin sana'a.

A bakinta na ji komai. Taubashiyar Gwaggo, wadda suke tsokanar juna tun suna 'yan mata, kowacce na cewa ɗayar baiwarta ce, za ta yi bikin autanta in an gama kaka. An fitar da atamfar anko. Ita uwar angon Allah ya ba ta 'ya'ya mata da yawa, sun yanko mata tata har da ta canji. Sai ta tare Gwaggo a gidan suna, a gaban mata, ta ce, "Ke kuma wa zai yanko miki? 'Yar aron nan taki? Ai zanen aro ba ya rufe katara." Gwaggo kuwa ta gyara zama ta ce, "Ku dai ku sa na kanti. Ni leshi zan sa, wanda ake saƙa mini da hannu a Birnin Kudu." Nan take aka ƙulla: in Gwaggo ta zo da leshin hannu, uwar ango da kanta za ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa mata a tsakiyar taro. In ba ta zo da shi ba, ita za ta wanke tukwanen biki. Matar ta ce yanzu ko a bakin rijiya zancen da ake yi ke nan.

Da farko dariya na yi har da riƙe ciki. Amma da baƙuwar ta tafi, sai dariyar ta ƙare. Na san wasan taubasai ba a fushi da shi, kuma na san tsohuwar nan ba muguwa ba ce, bakinta ne kawai ba linzami. Sai dai kalmar 'yar aro tana da ƙaya, kuma na san inda ta soki Gwaggo. Tun ina ƙarama nake ganin yadda takan ja baya ta kama wanke-wanke a gidan biki in mata suka fara lissafin abin da 'ya'yansu suka yi musu. Ba tukwane ne abin tsoro ba, ta wanke dubunsu. Abin da ke gabanta shi ne ta tsaya cikin mata sau ɗaya a matsayin wadda ke da 'ya. Ta ɗora wannan duka a kan ɗan ƙyallen da ke kan talabijin ɗina.

Na kira ta don in gyara zancen tun da wuri. Allah ya gani, na yi iyakar ƙoƙarina. Na ce, "Gwaggo, abin da nake saƙawa fa ɗan ƙarami ne." Ta ce ai da ƙarami ake farawa. Na ce duk huda ne. Ta ce, "Yo leshi ai da huda aka san shi." Na ce yadi biyar ko shekara na ba shi ba zan gama ba. Ta ce, "Ke dai tun kina yarinya akwai ki da ƙanƙan da kai." Ni da duk dangi suka sani da cika baki, ranar aka ba ni shaidar ƙanƙan da kai. Kafin ta kashe wayar har ta ƙara da oda: fari take so, kuma kada in sa masa duwatsun nan masu ƙyalli, an ce suna cizo.

Maigidana ya kawo tasa dabarar. Ya ce in shiga mota in je Kano in yanko farin leshi marar duwatsu, in ɓare takardar jikinsa, in kai mata, kowa ya huta. Na hau shi da faɗa kamar shi ya ƙulla abin. Na ce taubashiyar nan ko a duhu ta shafa yadi ta san na kanti, in ta gano kuwa, ai gara wankin tukwane sau goma. Ban da haka ma, matar da ta goya ni ba zan sa ta yi rantsuwa a kan ƙarya ba, don na san sai ta rantse. Ya ɗaga hannu biyu ya ce shi dai shawara ya bayar, ba zare ya ci ba.

Malamata ta sha dariya har da hawaye da na kai mata labari. Da ta nutsu sai ta ce riga da zane kam in cire su daga raina, amma babban mayafi zai yiwu kafin kaka, in har na yarda in zama baiwar tsinke. Muka zaɓi adon ganyen nan da hannuna ya riga ya saba da shi. Muka aika aka sayo mana zare daga Kano, fari ƙal, na ɗora ido a kan tsinke da bisimilla.

Daminar nan ban san yadda ta wuce ba. An ce gero ya yi kyau a shekarar, ni ban gani ba. Ina saƙa a kicin, ina saƙa a gidan suna, ina saƙa a layin asibiti in na kai yaro. A mota wani dattijo ya daɗe yana kallona, can ya ce, "Hajiya, wannan komar ta kifin wane kogi ce?" Bakina kullum yana motsi, yafa, haɗa biyu, yafa, haɗa biyu. Mai kayan miya ya tambaye ni tumatir kashi nawa, na ce masa haɗa biyu, ya kuwa haɗa. Sallah ma ba ta tsira ba, don ƙabli da ba'adin da na yi a watannin nan sun fi na duk rayuwata. Tuwo ya ƙone ya fi a ƙirga. Mutanen gidana sun ci taliya da manja har suka daina gaishe ni da fara'a.

Ana cikin haka, wata rana na shimfiɗa aikin a cinya don in yaba wa kaina, sai na hango ganye guda a karkace can ƙasa, ya ja duk na samansa sun bi shi. Aikin mako guda ne a kansa. Ban ma kai wa malamata ba, na san kalmar da za ta faɗa. Raina ya ɓaci, na dunƙule saƙar da tsinkayen da zaren na wurga ƙarƙashin gado, na ce Gwaggo ta wanke tukwanen, ni ma zan je in taya ta. Na shiga kicin ina ta buga kwanuka. Da na fito, sai na tarar da saƙar a kan kujerata, an kaɗe mata ƙura an ninke, an soke tsinkayen a dunƙulen zaren yadda nake yi. Maigidana yana gefe yana danna waya kamar bai san an yi ba. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce, "Wannan ba ta mutu ba tukuna, ba a binne mai rai." Na zauna na warware.

An fara yankan dawa lokacin da na sauke ido na ƙarshe daga kan tsinke. Na ɗaga abin da na yi watanni a kansa, sai na ga ya cukuikuye ya tattare, bai fi ɗankwali ba, ga shi ya yi launin ƙasa saboda gumin hannu. In aka ce soson wanka ne ba wanda zai yi musu. Na kwasa da gudu na yi gidan malamata ina hawaye. Ta ce in kwantar da hankalina, haka yake fitowa, sai an jiƙa shi an miƙe shi yake nuna kansa. Muka wanke shi, muka sa masa sitaci kaɗan, muka baje shi a kan babbar katifarmu, muna ja muna kafewa da fil ta kowane gefe. Maigida ya koma tabarma a falo har ya bushe, yana ta mita cewa mayafi ya kore shi daga ɗakinsa.

Ya buɗe kam, ya yi girma, ganyayen sun miƙe. Amma da na yafa shi na tsaya gaban madubi, sai wata damuwar ta taso. Komai na jikina ana gani ta cikinsa, rariya sak. Yaya tsohuwa mai jin kunyar surukai za ta shiga taro da wannan? Ga shi kuma mayafi ne kawai, ita kuwa riga da zane da ɗankwali take jira. Don haka na sa aka nemo mini atamfar ankon a ɓoye, na kai wa tela ya ɗinka daidai jikinta, na ce ko ba komai ba za ta rasa abin sawa ba.

Ana gobe yinin biki na shiga motar Gwaram, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauye ta cikin gonakin da aka girbe. Na tarar Gwaggo ta share ɗaki ta yi turare kamar mai jiran amarya. Ko ruwa ban gama sha ba ta kori matan da suka biyo ni, ta saki labule, ta ce, "Kawo." Na miƙa mata 'yar leda. Ta auna ta a tafin hannu, ta ce, "Sauran yana wajen ɗan acaɓa?"

Na ce, "Shi ke nan, Gwaggo."

Ta zare shi a hankali ta warware. Ta ɗaga shi da hannu biyu tsakanina da ita, muka kalli juna ta cikin hudojin. Ta ce, "Ina ganinki." Na ce ai na faɗa mata. Ta ce ina rigar, ina zanen? A nan na zauna na yi mata bayani tun daga farko, yadda ake yafawa, yadda ake haɗawa, da yadda sunan kawai ya zo ɗaya da leshin da ta sani. Karon farko ke nan da ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, kuma wallahi na fi son ihunta na waya da wannan shirun. Na fito da ankon na ajiye a gabanta, na ce ga wannan, ta yi haƙuri, in ya so ni zan wanke tukwanen a madadinta. Ko kallon atamfar ba ta yi ba. Ta ture ta gefe da bayan hannu ta ce in ajiye, ta sa da Salla.

Ta daɗe tana juya mayafin a cinyarta. Can ta ɗago ta ce, "To ina shafin?"

Na ce, "Wane shafi?"

"Ji mini yarinya! Ke da kike birni, ina kika taɓa ganin an sa leshi ba a yi masa shafi daga ciki ba? Tsirara ake so in fita?"

Wato duk bayanin da na yi ya bi iska. A wajenta leshi ne, telan ne kawai bai gama aikinsa ba. Ta miƙe ta jawo wani tsohon adudu daga bayan gado, ta yi ta fitar da tsummokara, har ta kai ga wani zane a can ƙasa. Baƙi ne wuluk, saƙar hannu, rinin shuni, yana ƙamshin kanumfari. Ta ce na mahaifiyarta ne, kakata ke nan, ita ta kaɗa zarensa da kanta. Ta shimfiɗa shi a kan gado, ta ɗora farin mayafin a kai, ta shafe shi da tafin hannu.

Na yi watanni ina kallon saƙar nan a cinyata da kan farin zanen gado, amma sai a lokacin na gan ta. Kowace huda ta cika da baƙi, kowane ganye ya fito da jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshen zanen. Na kama baki. Gwaggo kuwa ko a jikinta, ta miƙo mini allura ta ce in zura mata zare, idonta ba ya gani. Muka zauna ita a wancan gefe ni a wannan, muna ɗinke bakin farin a jikin baƙin, ana ta daka da hayaniyar biki a waje. Muna cikin ɗinkin ta kama hannuna na dama ta juya shi. Zaren ya yi mini kwari a ɗan yatsa, wurin ya yi kanta ya tsage. Ta ce, "Zaren ne ya yi miki haka?" Na ce ba ya zafi. Sai ta lakato man kaɗe ta shafa mini, muka ci gaba.

Washegari Gwaggo ta ƙi fita da wuri. Aka aiko, ta ce tana zuwa. Aka sake aikowa cewa uwar ango ta ce tukwane sun taru, ta ce a gaya mata su ƙara taruwa. Sai da la'asar ta yi, gidan biki ya cika maƙil, sannan ta sa tsohuwar farar rigarta, ta yafa mayafin tun daga ka har ƙwauri, ta ce in biyo ta a baya. Tafiyar da ba ta fi a sha ruwa a ajiye kofi ba, sai da muka yi ta kamar masu zuwa Gwaram a ƙafa, don kowane taku sai ta ja shi.

Tsakar gidan duk atamfa iri ɗaya ce, ko'ina ka duba. Muna yin sallama kai ya juyo. Uwar ango ta taso da hannu a ƙugu, tana cewa, "Ina baiwar tawa? Ga toka ga soso can an tanadar miki." Gwaggo ta tako har tsakiya, ta juya mata baya, ta buɗe hannuwa biyu kamar mai shanya. Hayaniyar ta ɗauke. Uwar ango ta matso, ta shafa, ta kai ido kusa, ta juya bakin ɗinkin tana neman sawun inji, har da sansanawa. Da ta rasa abin kamawa sai ta ce, "To ai mayafi ne kawai. Ina riga, ina zane?"

Gwaggo ta waiwayo ta kalle ta sama da ƙasa, ta ce, "Kin ga jahilcin da nake faɗa miki. Na kanti ake sa wa almakashi. Leshin hannu yadda ya sauko haka ake yafa shi."

Ni da na saƙa shi ban san da wannan doka ba sai ranar. Wata mata ta rangaɗa guɗa, wuri ya kaure da shewa. Uwar ango ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar tabarma, ta shimfiɗa a tsakiyar taro, ta kaɗe ta da gefen zanenta, har da ɗan rusunawa, tana cewa, "Ranki ya daɗe, a zauna." Gwaggo ta zauna ta baza mayafin ta kowane gefe don kada wani ganye ya ɓuya.

Sai wata baƙuwa daga dangin amarya, wadda ba ta san kowa ba, ta matso ta ce, "Inna, don Allah wa ya saƙa miki wannan?" Ya kamata in faɗa muku cewa Gwaggo irin matan da ne masu alkunya. Tun da aka ba ta ni ta ɗauke ni 'yar fari, ba ta faɗin sunana, ba ta yabona, ba ta nuna ni a taro. In dole ta yi zancena sai ta ce yarinyar nan, ko ta Birnin Kudu. Na zaci abin da za ta ce ke nan. Sai na ga ta ɗaga kai, ta dubi matar, da muryar nan tata ta waya ta ce, "'Yata ce. Ga ta can tsaye." Tana faɗa ta ja mayafin ta rufe fuska, kunya ta kama ta kamar yarinya. Wannan karon uwar ango ce da kanta ta yi guɗar, ta kuma ja ta da tsawo. Ni kuwa na zame na koma bayan rumbu, na yi kukana mai isata. Na kai shekara talatin da wani abu a duniya, ban san ina jiran kalmar nan ba sai da na ji ta.

Da na wanke fuska na dawo, sai mata suka yi mini caa. Wannan tana so a yi mata shuɗi, waccan tana da bikin ƙanwa bayan Salla, wata ma cewa ta yi su goma ne a gidansu, kowacce yadi biyar. Gwaggo ce ta cece ni. Ta kamo hannuna ta ɗaga ɗan yatsan nan mai kanta kowa ya gani, ta ce, "Masaƙa ta rufe. Mai so ta haifi tata."

Har yau ina saƙa, ina kuma warwarewa, don jin daɗin kaina kawai. Har yau kuma Gwaggo leshi take ce wa mayafinta, ni ma ban ƙara gyara mata ba. Abin da na koya shi ne, in mutum ya yi wa maganarka gurguwar fahimta, kada ka yi saurin cewa kunnensa ne ba ya ji. Sau da yawa abin da ya daɗe yana so ya ji ne ya ji. Na ɓata bakina ina yi mata bayanin yadi da huda da almakashi, alhali ita tun farko ba tufa take tambayata ba. Tambayata take yi ko in ta bugi ƙirji da ni a gaban mutane zan bari ta ji kunya. Irin wannan tambaya kuwa ba a amsa ta da baki, sai da hannu.